Agogon da maigida ya saya mini ya koma mai kai masa rahotona

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 29, ina koyarwa a wata makarantar firamare a Kano, kuma wata uku ke nan da na haifi 'yata ta biyu. Maigidana a Legas yake aiki, sai bayan wata ɗaya ko biyu yake leƙo mu. Da ya zo suna ya kawo mini agogon zamani, irin mai auna bugun zuciya da barci, yana kuma ba da makin damuwa daga 0 zuwa 100. Ya haɗa shi da wayarsa, ya ce don ya riƙa ganin lafiyata daga can. Da farko na ji daɗi sosai. Yanzu abin ya zame mini ƙarfen ƙafa. Duk ranar da Hajiyarsa ta zo ganin jikarta sai makin ya haura 80, da dare kuma ya kira ya ce ashe ba na ƙaunar mahaifiyarsa, ga shaida nan a wayarsa. Ran nan makin ya tashi wajen ƙarfe 11 na dare, ya ce sai na faɗa masa da wa nake waya. Wallahi Anti nono nake bayarwa. Ni ma kaina da na buɗe ido da asuba agogon nake fara dubawa, idan ya ce barcina bai yi kyau ba to ranar ta ɓaci ke nan. Sannan ko a zaune nake yakan nuna bugun zuciyata 105 ko 110, ina saurin gajiya, ɗan aiki kaɗan sai haki, ga yawan kuka ba dalili. Shin gaskiya agogon yake faɗi, ina ƙin surukata ne ban sani ba? In cire shi? Ina tsoron ya ce wani abu nake ɓoyewa.

Maman biyu, daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da arziki, Allah ya raya jaririya, ya ba ki lafiyar shayarwa.

Abin da kika ajiye can ƙarshen wasiƙarki kamar wanda ba shi da nauyi, shi ya fi tayar mini da hankali, don haka da shi zan fara. Maganar Hajiya da ta wayar dare suna iya kaiwa mako mai zuwa. Bugun zuciya 105 zuwa 110 ga macen da ke zaune, da haki, da gajiya, wata uku bayan haihuwa, wannan kam na wannan makon ne.

Zuciyar babban mutum mai lafiya, idan yana hutawa, tana bugawa tsakanin sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Takan wuce haka na ɗan lokaci idan an yi sauri, ko an firgita, ko zazzaɓi ya rufe mutum. Amma ta zauna a sama da 100 kwana da kwanaki, to akwai dalili. Ki fara tabbatarwa da hannunki: da safe kafin ki sauko daga gado, ki ɗora yatsu biyu a wuyan hannunki ta gindin babban yatsa, ki ƙirga bugun na minti ɗaya cur. Idan ƙirgenki ya yi daidai da na agogon, ki shirya ki tafi asibiti. Idan ma bai yi daidai ba, hakin da gajiyar kaɗai sun isa dalilin tafiya.

Abin da likita zai fara nema ga mai jego sananne ne. Ƙarancin jini shi ne kan gaba, domin ciki da haihuwa da shayarwa duk jini suke ci, kuma idan jini ya yi ƙaranci dole zuciya ta ƙara sauri kafin iskar da ake shaƙa ta isa ko'ina a jiki. Akwai zazzaɓin cizon sauro da ke kwanciya a jiki bai fito fili ba. Akwai wata ƙwaya a maƙogwaro, wadda idan ta kumbura ake cewa maƙoƙo, da kan rikice wa wasu mata a shekarar farko bayan haihuwa, ta jawo faɗuwar gaba da zufa da rawar hannu da saurin kuka. Sai kuma wanda nake so ki san da shi, ba don ki firgita ba: raunin zuciya na masu jego. Yakan fara a watan ƙarshe na ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa, naman zuciya ya yi laushi ya kasa tura jini yadda ya kamata. Arewacin Najeriya na cikin wuraren da aka fi samun wannan ciwo a duniya. Likitoci a Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, a Kano kuma Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya daɗe yana bincike a kai. Alamominsa su ne haki, kasa kwanciya a miƙe sai an tara matasai, tari da dare, kumburin ƙafa, da gajiyar da hutu ba ya kawar da ita. Mata da yawa sukan ce gajiyar jego ce, ko sanyi ne, ko iska, har sai abin ya yi nisa. Yana da magani, kuma da yawa suna warkewa idan an kama shi da wuri.

Ki ce a auna miki yawan jini, a duba hawan jini, a yi gwajin zazzaɓi, kuma ki faɗi maganar hakin a fili don likita ya duba ko akwai buƙatar hoton zuciya, wanda ake kira eko. Idan har yanzu kina shan kunun kanwa ki faɗa masa, domin kanwa dangin gishiri ce, tana sa jiki riƙe ruwa. Idan kuwa kafin ranar zuwanki numfashi ya gagare ki a kwance, ko ƙirji ya yi ciwo, ko jiri ya ɗebe ki, kada ki jira gari ya waye, kada kuma ki jira a ɗauki waya a Legas. Ki kira maƙwabciya ku tafi.

A wannan ɓangaren agogon ya yi miki aiki, kuma ya kamata a faɗa. Ƙirga bugun zuciya shi ne abin da waɗannan na'urori suka fi iyawa. A shekarar 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada agoguna iri 7 a hannun mutum 60. Shida daga ciki sun ƙirga bugun zuciya da kuskuren da bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Amma da aka zo kan ƙiyasin yawan ƙarfin da jiki ya ƙona, wanda ya fi kowa ƙoƙari ya kauce da kashi 27, na ƙarshe da kashi 93. Abin da agogon ya ƙirga da kansa ana iya dogara da shi. Abin da ya yi hasashe a kansa daga wannan ƙirgen kuwa, nan ne yake tuntuɓe, kuma makin damuwa hasashe ne tsantsa.

Ki juya bayan agogon, za ki ga ɗan koren haske yana walƙiya. Jini yana shanye koren haske. Duk sa'ad da zuciya ta buga, jini ya cika jijiyoyin wuyan hannu, hasken da ke dawowa cikin agogon sai ya ragu, idan ta saki sai ya ƙaru. Da wannan raguwa da ƙaruwa yake ƙirge. Shi ya sa idan ya yi sako-sako a hannu, ko kina ta motsi, ƙirgen kan karkace. Daga nan sai ya duba tazarar da ke tsakanin bugu da bugu. Ga mutumin da jikinsa ya saki, tazarar ba ta zuwa daidai wa daida: tana gajarta idan ya ja numfashi, tana tsawaita idan ya sauke. Idan jiki ya ɗaura ɗamara, sai tazarar ta matse ta zama kusan iri ɗaya. Wannan matsewar ce kamfanin ke sakawa cikin wani lissafi nasa ya fitar da lamba, ya kira ta damuwa. Wasu agogunan, kamar Fitbit Sense da ya fito a 2020, suna ƙarawa da auna ɗan gumin da ke tsattsafowa a fata. Iyakar abin da ke ciki ke nan, haske da tazara da gumi.

To me ke sa jiki ya ɗaura ɗamara? Tsoro yana sawa, fushi yana sawa. Haka ma murna, da kunya, da ɗoki, da zafin rana, da ƙishirwa, da zazzaɓi, da shayi mai kauri, da goro, da cin abinci mai nauyi, da rashin barci, da ƙarancin jini. Agogon kamar maigadi ne da ke bayan ƙyaure a rufe: ya ji ana bugun ƙofa, zai iya faɗa miki ƙarfin bugun da lokacinsa, amma bai san ɓarawo ne ko baƙon alheri ba.

An gwada wannan a fili. Masu bincike a Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan sun ɗaura wa matasa kimanin 800 agogon Garmin na tsawon wata uku, suna tambayarsu sau huɗu a rana yadda suke ji a ransu, sannan suka kwatanta amsoshinsu da makin agogon. Sakamakon da suka fitar a 2025 ya nuna kusan babu wata alaƙa tsakanin abin da mutum ya ce yana ji da abin da agogon ya rubuta. Kafin agogo ma an yi wannan mafarkin da na'urar gano ƙarya, wadda aka fara amfani da ita a Amurka tun 1921. Ita ma bugun zuciya da numfashi take aunawa, daga baya aka ƙara gumi. A 2003 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta yi nazari mai zurfi a kanta, ta ce hujjojin ingancinta masu rauni ne, domin mai gaskiyar da ya tsorata yana iya faɗuwa gwajin, maƙaryacin da ya natsu ya tsallake. Yawancin kotunan ƙasar ba sa karɓar sakamakonta. Na'urar da aka ƙera musamman don wannan aiki, da wayoyi a ƙirji da yatsu da ƙwararre a zaune, ba ta zama shaida ba. Agogon hannu ba zai zama shaida a kan matar aure ba.

Yanzu ga tambayar da ta fi ba ni tausayi, wai ko kina ƙin surukarki ba ki sani ba. Ƙanwata, dubi yinin da Hajiya ke zuwa. Tun safe kina shara da goge-goge, kin ɗora girki na musamman, kin yi wa yara wanka. Ta iso kin durƙusa kin gaishe ta, kin miƙe, kin kawo ruwa, kin koma, kin kawo abinci. Kin zauna a takure kanki a ƙasa, ba ki miƙe ƙafa ba, watakila ko loma ba ki kai baki ba don kunya, jaririya na kuka kina tunanin kada a ce ba ki iya raino ba. Wace sabuwar mai jego ce za ta yi wannan yinin zuciyarta ba ta yi sauri ba? Kunyar suruka kaɗai ta isa. Idan kuma ya tabbata jininki ya yi ƙasa ko zuciyarki ta yi rauni, to hidimar da wata za ta yi ba ta ji ba, ke za ta kai makinki 80 cikin sauƙi. Lambar da maigidanki ke karantawa a matsayin ƙiyayya, mai yiwuwa jikinki ne ke cewa aikin ya fi ƙarfinsa.

Mu ɗauka ma akwai ɗan nauyi a ranki idan ta zo. Ba sabon abu ba ne tsakanin suruka da matar ɗa, kuma ba laifi ba ne. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah ya yafe wa al'ummarsa abin da zukatansu suka raya, matuƙar ba su aikata ba ko ba su furta ba. Abin da za a tambaye ki shi ne yadda kika tarbe ta, da abin da kika sa mata a gaba, da kalaman da suka fito daga bakinki. Idan waɗannan sun yi kyau, kin sauke haƙƙinta. Kada ki bari wata lamba ta sa ki zargin zuciyarki da abin da ba ki taɓa samu a cikinta ba.

Na ƙarfe 11 kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Kukan jariri yana tayar da uwa daga barci a firgice, ta tashi zaune, ta ɗauka, ta jijjiga, ta shayar. Duk uwa ta san wannan faɗuwar gaban.

Game da maigidanki, ina so in yi masa adalci. Mutumin da ya bar mata da ɗanyen goyo a Kano yana kwana shi kaɗai a Legas, ya ɗauki kuɗinsa ya sayo abin da yake ganin zai kusanto da shi gida, ban ga mugun nufi a farkon lamarin ba. Matsalar ita ce an ba shi lamba ba a ba shi ma'anarta ba, ga nisa, ga kaɗaici, ga dare, sai ya cike gurbin da zato. Amma adalcin bai hana ni faɗin cewa abin da yake yi ba daidai ba ne. Tuhumar mace da wayar dare wata uku bayan ta haifa masa 'ya magana ce mai nauyi, kuma irinta ce ke cin aure a hankali. Allah ya ce a cikin Suratul Hujurati, aya ta 12, mu nisanci da yawa daga zato, domin wani zaton zunubi ne, kuma kada mu yi bin diddigin juna. A Sahihu Muslim an ruwaito daga Jabir cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya faɗo wa iyalinsa da dare yana tuhumarsu ko yana neman kama su da laifi. Mai duba waya daga Legas ƙarfe 11 yana neman abin kamawa, bai yi nisa da wannan hanin ba.

Kada ki ɗauko maganar a lokacin da ya kira yana tuhuma, kuma kada ki cire agogon a ɓoye, don hakan zai ƙara wa zaton nasa ƙarfi. Ki zaɓi lokacin da yake cikin nishaɗi, ki fara da lafiyarki. Ki ce masa: "Abban yara, agogon nan da ka saya mini ya nuna wani abu da ya kamata likita ya gani. Zuciyata na bugawa sama da 100 ko ina zaune, kuma ina haki. Ina so in je asibiti cikin makon nan." Wannan gaskiya ce, kuma ta mayar da agogon kan aikin da ya ce don shi ya saya. Namijin da ke son matarsa, idan ya ji haka hankalinsa zai bar kan Hajiya da wayar dare ya koma inda ya kamata. In da hali ki sa likitan ya yi masa bayani ta waya, domin akwai mazan da maganar likita ta fi shigarsu.

Bayan an san abin da ke damunki sai ki kawo ta biyu. Ki faɗa masa cewa tun da ya fara karanta makin nan kina jin tsoron kiransa, alhali da muryarsa ce ke kwantar miki da hankali. Sannan ki roƙe shi abu guda: idan ya zo, ya ɗaura agogon a hannunsa ya koma da shi na mako ɗaya. Ya ga abin da zai rubuta idan ya maƙale a cunkoson motocin Legas, ko ogansa ya kira shi, ko ƙungiyar ƙwallon da yake goya wa baya ta ci, ko ma lokacin da yake waya da mahaifiyarsa. Zai ga lambar ta tashi a wuraren da ya san babu ƙiyayya ko ɓoye-ɓoye a ransa. Abin da ya gani a hannunsa zai fi duk bayanin da ni ko ke za mu yi.

Daga nan ku raba agogon da wayarsa, da saninsa, a gabansa. Idan yana son sanin lafiyarki ya kira ya tambaye ki, ke kuma ki faɗa masa gaskiya, har da ranakun da ba ki jin daɗi. Ki kuma roƙe shi kada wannan magana ta kai kunnen Hajiya. Dattijuwar da aka ce mata wata na'ura ta nuna matar ɗanta ba ta ƙaunarta, da wuya ta manta, kuma ba ta yi laifin da za a ɗora mata wannan ba. Idan kuwa ya ƙi, ya dage sai ya ci gaba da sa ido, ko abin ya girma ya koma bin inda kika je da binciken wayarki, to ya wuce maganar agogo. Ki sanar da waliyyinki ko wani babba da yake jin nauyinsa, tun kafin tuhumar ta zama ɗabi'a.

Sai maganar barci. Agogo ba ya ganin barci. Yana lura da motsin hannu da bugun zuciya ne ya yi ƙiyasi. Awon barci na gaskiya a asibiti ake yin sa, da wayoyi manne a fatar kai suna karanta aikin ƙwaƙwalwa. Tun 2017 wasu likitocin barci a birnin Chicago suka ba da rahoton marasa lafiyar da neman makin barci mai kyau ya ƙara hana su barcin, har wasu sun fi yarda da agogonsu a kan sakamakon asibiti. A 2014 kuma an yi wani gwaji a wata kwaleji a jihar Colorado: aka gaya wa wasu ɗalibai cewa na'ura ta nuna barcinsu na jiya bai yi kyau ba, wasu aka ce nasu ya yi kyau, alhali duk maganar shiri ce. Waɗanda aka ce wa bai yi kyau ba sun fi yin kuskure a gwajin lissafi da natsuwa da aka ba su. Abin da ke faruwa da ke kowace asuba ke nan. Kuma uwar jaririya 'yar wata uku, mai tashi sau biyu ko uku a dare, ba za ta taɓa samun makin da zai faranta mata ba, domin ba da irin darenta aka tsara lissafin ba. Da sanin maigidanki, ki riƙa cire shi idan za ki kwanta. Da asuba ki yi sallarki da azkar ɗinki, ki ji jikinki da kanki. Idan yarinya ta yi barcin hantsi ko na azahar ranar da ba ki makaranta, ki kwanta tare da ita, wanke-wanke ya jira.

Kukan da kika ambata shi ma kada ki bar shi a gida ranar zuwa asibiti. Yawancin mata sukan yi 'yan kwanaki suna jin rauni da saurin hawaye bayan haihuwa, amma wannan yakan wuce cikin mako biyu. Wanda ya kai wata uku yana iya zama ciwon damuwa na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna fuskantar irin wannan larura, a ƙasashe masu tasowa kuma adadin ya kusa kashi 20. Mace ɗaya cikin biyar ke nan, don haka a layinku ma ba ke kaɗai ba ce, shiru kawai ake yi. Yakan zo da rashin jin daɗin abin da da yake faranta rai, da ganin kai a matsayin uwar da ta gaza, da rashin cin abinci, da kasa barci ko da yarinya ta yi. Ba raunin imani ba ne, kuma addu'a da magani ba sa karo. Akwai 'yan tambayoyi 10 da ma'aikatan lafiya ke yi wa masu jego don gano shi, akwai kuma magungunan da mai shayarwa za ta iya sha. Ƙarancin jini da matsalar maƙogwaron da na ambata su ma suna kawo irin wannan kukan, shi ya sa nake so likita ɗaya ya ji labarin gaba ɗaya. Idan tunanin cutar da kanki ko jaririyar ya taɓa gilma miki, ki faɗa wa wani babba a ranar, ku tafi asibiti a ranar.

Ki lura da wani abu a nan. Macen da baƙin ciki ya danne, tana kwance shiru tana zubar da hawaye, agogon na iya rubuta mata cewa tana hutawa. Ranar da kike dariya da ƙawayenki a gidan biki kuma ya ce kina cikin damuwa. Idan kina son bin yanayin ranki, ɗan littafi ya fi shi. Kowane dare ki rubuta layi biyu ko uku: yadda kika ji yau, me kika ci, sau nawa kika tashi, kin yi kuka ko ba ki yi ba, wa ya taimake ki. Bayan mako biyu za ki ga abin da ke maimaituwa, kuma wannan shi likita zai iya aiki da shi.

Wasiƙarki ba ta ambaci wanda ke taya ki ba. Yara biyu, ga makaranta, ga miji a nesa. Idan akwai ƙanwa ko 'yar uwa da za ta zo ta zauna da ke na wata biyu, ki nema ba tare da jin kunya ba, kuma ki sa maigidan ya ɗauki nauyin hakan. Ranar da Hajiya za ta zo, a samu mai kama miki girki.

Abu ɗaya a taƙaice kan bayanan da agogon ke tarawa. Ba a wayarki da ta mijinki kaɗai suke tsayawa ba, suna tafiya rumbun kamfanin a ƙasar waje. A 2021 hukumar kare masu saye ta Amurka ta tuhumi manhajar Flo, wadda mata ke bin kwanakin al'adarsu da ita, da miƙa bayanansu ga kamfanoni irin su Facebook da Google bayan ta yi alkawarin sirri. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Ki shiga manhajar ki kashe nuna wurin da kike, kuma kada ki cike abin da ba dole ba.

Agogon kansa ba sai kin jefar ba. Ki kashe makin damuwa da na barci, ki bar ƙirgen bugun zuciya. Kafin ki je asibiti ki buɗe manhajar ki rubuta bugun zuciyarki na hutu na kowace rana tun daga lokacin da kika fara ɗaura shi, ki haɗa da katin awon ciki da sunayen duk abin da kike sha, na asibiti da na gargajiya. Idan an ɗora ki a kan magani, wannan lambar ce za ta nuna muku ke da likitan ko tana sauka. Ki sake rubuto mini bayan kin karɓi sakamakon, ina son in ji. Allah ya ba ki lafiya, ya daidaita tsakaninku.